YADDA HABASHAWA SUKA YI KARO-KARO SUKA GINA DAM

Mu da muka saba da karo-karo, yau na masallaci gobe na makarantar Islamiyya, ga labarin wani karo-karon da ƙasa guda ta yi.

Ran 2 ga Afrilu, 2011, Firayim Ministan Habasha na lokacin, Meles Zenawi, ya aza harsashin wata madatsar ruwa a Guba, dab da iyakar Sudan, a kan kogin da Habashawa ke kira Abay, wato babban reshen Kogin Nilu. Aka ƙiyasta aikin zai ci dala miliyan 4,800. To, ina kuɗin? Bankunan duniya ba sa son zuba kuɗi a kogin da ake rigima a kansa, Masar kuwa ta kafe a kan yarjejeniyar 1959, wadda ta ba ta ruwa kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan ta sami 18.5, Habasha inda ruwan ke fitowa ko ambatonta ba a yi ba. Sai Meles ya ce da 'yan ƙasa su za su gina abinsu.

Gwamnati ta buga takardun bashi, mutum ya saya, bayan wasu shekaru a mayar masa da kuɗinsa da ɗan ƙari. Ma'aikatan gwamnati suka ba da albashin wata guda, ana cira kaɗan-kaɗan har shekara. Manoma, 'yan makaranta, masu shushaina, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka yi wani kofi ana yawo da shi jiha-jiha, inda ya sauka sai a yi gangamin tara kuɗi. Daga baya har ta wayar hannu ana aikawa. Habashawa mazauna ƙetare, wato irinmu ke nan, su ma suka saya, har a 2016 hukumar hada-hadar hannun jari ta Amurka ta sa kamfanin lantarkin Habasha ya biya kusan dala miliyan 6.5, saboda ya sayar da takardun can ba tare da rajista ba.

Amma fa kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Ba kowa ya bayar da son ransa ba; ma'aikacin da ya ƙi, ya san idon da za a kalle shi da shi. Wata 'yar jarida, Reeyot Alemu, wadda ta soki yadda ake tara kuɗin, an kama ta a 2011 bisa zargin ta'addanci, sai 2015 ta fito. Sannan kuɗin talakawa kashi ne kawai, mafi yawan nauyin bankin kasuwanci na gwamnati ya ɗauka. Ga kuma ɓarna: kamfanin sojoji, METEC, da aka ba aikin injina ya yi ta jan ƙafa har aka ƙwace kwangilar a 2018, aka kama shugabansa. A Yulin shekarar aka tsinci gawar babban injiniyan aikin, Simegnew Bekele, cikin motarsa a tsakiyar Adis Ababa. Dubban mutane suka fito jana'izarsa suna kuka.

Meles bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 2012. An fara tara ruwa a 2020, wuta ta fara fita a Fabrairun 2022, Abiy Ahmed ya buɗe dam ɗin ran 9 ga Satumba, 2025. Ƙarfinsa megawat 5,150. Kainji namu, da aka gina da bashin Bankin Duniya, 760 ne.

Masar har yau ba ta haƙura ba. Ruwan kuwa, in ya bar Guba ya shiga Sudan, ta gaban Mai Wurno yake wucewa, garin da 'yan uwanmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suna nan suna noma a gaɓarsa.