Tawada da Takarda a Unguwar Hausawa ta Duwala

Sa'ad da Jamusawa suka kafa New Bell a bayan garin Duwala a shekara ta 1914, Hausawa fatake suna cikin baƙin da suka zauna can. Cinikin fatake kuwa ba ya rabuwa da bashi, bashi kuma yana bukatar shaida a rubuce. Saboda haka batun tawada ba ƙaramin abu ba ne.

Tawadar da suka zo da ita daga arewa ta gawayi ce da ƙaro, alƙalamin kuma na kara. Bisa allo zama kawai take yi, shi ya sa almajiri yakan wanke ya sāke rubutu. Amma bisa takarda mai kauri, mai alamar wata uku, wadda ake kawowa Kano daga Italiya ta hanyar Tarabulus a ƙarni na 19, takan daɗe ƙwarai, muddin ruwa bai taɓa ta ba.

A ofisoshi da makarantun mishan an yi ta tsoma alƙalamin ƙarfe cikin kwalba, kafin alƙalami mai shan tawada, irin wanda Waterman ya fitar a Amurka a 1884, ya yaɗu. Wannan ba ya karɓar tawadar ƙaro, gama takan toshe shi. Tasa tsararo ce. Wata irinta mai sinadarin ƙarfe takan ƙara baƙi in ta sha iska, ta kama takarda har ruwa ba ya share ta.

Duk da haka takarda ce mai yanke hukunci. Mai santsi takan fito da haruffa tsaf, amma sai a jira, ko a danna takardar tsotsa. Mai araha, irin ta jarida, takan sha tawada ta baje, har ta ɓullo ta baya. Ga kuma laima, gama ruwan Duwala ya wuce milimita 3,500 a shekara, wajen ninki uku na Kano ko fiye. Bushewa takan yi jinkiri, lamba kuma in ta dagule, sai gardama tsakanin mai bashi da mai biya.

Biron Bic ya fito a Faransa a 1950. Tawadarsa mai kauri ce, kusan kowace takarda ta yi mata, shi ne kuwa yau a hannun 'yan Marché Central. Amma tsohuwar takardar fili ko ta baftisma ba ta da madadi. Wanda ya gāje ta, yă nisantar da ita daga laima da rana.