Kariyar wucin gadi a dokar shige da fice ta Amurka

Kariyar wucin gadi, wadda aka fi sani da TPS, izini ne da gwamnatin Amurka ke ba 'yan wata ƙasa da ke cikin Amurka su ci gaba da zama, su kuma yi aiki, idan yaƙi ko bala'i ya sa komawarsu gida ta zama haɗari. Majalisar dokokin ƙasar ce ta ƙirƙiro tsarin a dokar shige da fice ta 1990. Sakataren tsaron cikin gida ke ayyana ƙasa, na tsawon wata 6 zuwa 18, kuma yana iya sabuntawa.

A wajen sabuntawar nan ne ake ta ce-ce-ku-ce. An sa Somaliya a jerin ƙasashen da aka ayyana a 1991, Sudan a 1997, aka yi ta ƙara wa'adi har yaran da aka haifa a lokacin suka girma suka yi aure. Duk da haka, izinin ba ya kai mutum ga takardar zama ta dindindin, kuma ana iya janye shi. An ba Gini da Laberiya da Saliyo a 2014 saboda cutar Ebola, wa'adin ya ƙare a watan Mayun 2017.

Ba kowane baƙo tsarin ya shafa ba. A birnin Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, misali, akwai 'yan Sudan da 'yan Laberiya, ga kuma Hausawa da Zabarmawan Nijar masu yawa. Sai dai ba a taɓa sa Nijar ko Najeriya a jerin ba.