Akwatin da Ya Kwana Gidan Malam

Ranar Asabar 17 ga Janairun 2015 ina aji biyu na kwalej a Filinge. Sanyi ake yi, ƙurar hunturu ta rufe gari. Tun hantsi wayar babana take ƙara. Ƙanwarsa ce daga Yamai, muryarta na rawa, wai an cinna wa majami'arsu wuta, kuma duk inda ta duba hayaƙi ne. Mu Hausawa ne, Kiristoci, asalinmu yankin Maraɗi. Gwamnati ce ta turo babana koyarwa ƙasar Kurfai, shi ya sa duk unguwa Mushe ake ce masa. Da ya aje waya sai ya zauna bakin gado ya yi shiru. Ni kuwa tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai, kuma ita ce har yau nake bi: yaya aka yi zanen da aka buga a Paris ya ƙona majami'a a Yamai?

Abin da ya faru sananne ne. Ranar 7 ga watan aka kai hari gidan jaridar Charlie Hebdo aka kashe mutum 12. Ranar 11 shugaba Mahamadu Isufu ya shiga jerin gwanon da aka yi a Paris, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai a nan gida. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Annabi. Juma'a 16, bayan an sauko daga masallaci, Damagaram ta kama da wuta: aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u, har Kiristoci suka fake a barikin soja. Washegari Yamai ta ɗauka. Mutum 10 suka mutu cikin kwana biyun, kuma ƴan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a babban birni kaɗai, ban da gidajen giya da otel-otel. Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya.

Amma lissafi bai amsa tambayata ba. Sai da na shiga jami'a na fara tonon tarihin ƙasarmu na ga cewa wani ɓangare na amsar yana cikin kalma ɗaya da muke faɗi kullum ba tare da mun lura ba: Annasara. Asalinta Larabci ce, kuma ma'anarta Kiristoci. Amma a bakinmu Annasara shi ne farar fata, shi ne Bafaranshe, shi ne mai karɓar haraji. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu, addini da mulki, kuma ba wanda ya tsaya ya sauke ɗaya.

A Kurfai, Annasaran da aka fara sani bai zo da Linjila ba, da bindiga ya zo. A farkon shekarun 1900 Faransawa suka kafa barikinsu a Filinge, suka jingina mulkinsu da Gado Namalaya, aka shiga biyan haraji da aikin tilas. Wajen 1925 wata mata mai suna Shibo, daga Shikal, ta fito da wasu sababbin iskoki da ake kira Hauka ko Babule. Wanda suka hau sai ya riƙa tafiya irin ta soja, yana tsawa irin ta kumandan. Matasa suka bi ta, suka ƙi jin maganar sarki. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle. Da suka fito sai shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana ce masa Korsasi ko Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka kai al'adar har Akra ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. Na daɗe ina jujjuya wannan labari. Mutanen da tsoro ya cika wa ciki suka ari fuskar abin tsoron suka sa. Cikin dukan siffofin da suka ara akwai gwamna, akwai kofur, akwai kumandan. Mulki ne ya tsaya musu a wuya.

Su kuwa masu wa'azin Kirista hanyarsu daban ce, kuma ba ta Kurfai suka fara ba. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, a 1950 ta buɗe asibitin Galmi da har gobe Musulmi ne mafi yawan masu kwana a gadajensa. Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kumandojin Faransa ba su yi murna da zuwansu ba. Tun 1905 Faransa ta raba gwamnati da majami'a, ma'aikatanta kuma ba sa son abin da zai tayar musu da hankalin ƙasar Musulmi. Ƴan SIM ma masu jin Ingilishi ne, mafi yawansu daga Amurka da Kanada, don haka ido aka sa musu kamar ƴan leƙen asiri. Kakana a hannunsu ya koyi karatu, da Hausa, don tun 1932 aka gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Bai taɓa iya Faransanci ba. Ya yi aikin tilas kamar kowa. Duk da haka ranar da ya karɓi baftisma danginsa cewa suka yi ya shiga addinin Annasara.

To ga inda abin ya kai. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Jaridar da ta yi zanen ba ta Kiristoci ba ce, ta sha yi wa Paparoma da Almasihu kansa izgili. Amma wanda ransa ya ɓaci a Yamai ba zai iya kai hannu Paris ba, sai ya waiga ya nemi Annasara mafi kusa. Ba wannan ne na farko ba ma: a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin tufafi na FIMA, an far wa wata majami'a a Maraɗi, alhali ba ruwanta da bikin.

Bari in koma gidanmu, don a can ne na ga yadda ake bangaskiya idan ciki ya ɗuri ruwa.

Bayan magariba babana ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun haihuwarmu, da takardun aikinsa, da ɗan kuɗin da aka tara, da tsohon Littafi Mai Tsarki na kakana wanda bangonsa ya zube. Ya ce zai kai ajiya gidan Malam. Malam maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, yana da makarantar allo a ƙofar gida. Matsalar ita ce babban ɗansa, wanda tun da rana muke jin muryarsa a bakin titi yana cewa abin da aka yi a Yamai daidai ne. Innata ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Maigida, kai kana jin abin da yaron ga ke hwaɗi, kuma can za ka kai duk abin da muka mallaka?" Babana ya ce, "In ban kai ba, na riga na yanke mishi hukunci ke nan, shi ko bai yi mini komi ba." Suka ja maganar ƙasa-ƙasa don kada mu ji, mu kuwa muna ji. Ban ce innata ba ta da gaskiya ba. A daren nan ba wanda ya san wace ƙofa ce za ta buɗu, wace ce za ta nuna ka da yatsa.

Ni na riƙe masa fitila. Malam ya fito da bargo a kafaɗa, aka gaisa kamar ba abin da ke faruwa, har da tambayar sanyi. Babana ya ce, "Malam, amana na kawo." Malam ya tambayi abin da ke ciki, aka faɗa masa duka. Da ya ji akwai littafi sai ya ce a buɗe. Gabana ya faɗi. Ya sa hannu biyu ya ɗauke shi ya ce, "Wanga ba a aje shi ƙasa." Ya naɗe shi da ƙyalle ya ɗora bisa kanta, akwatin kuma ya tura ƙarƙashin gadonsa. Sannan ya ce, "Mushe, ku tahi ku kwanta. Wanda duk za shi shiga gidanka, ta ƙohwata za shi bi." Ɗansa na tsaye a zaure yana kallo, bai ce uffan ba.

Babana yakan ce dogara ga Allah ba ta hana ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, kuma a ganinsa abu ɗaya ne, don ba ka da tabbas a kan ko wanne sai bayan ka miƙa. Ina ganin a Kurfai ya ƙara koyon haka. Nan manomi yakan danƙa wa Bafulatani sanuwarsa da damina, ta tafi arewa wata uku ko huɗu bai sa ta a ido ba, babu takarda, babu shaida. Wani lokaci a ci amanar, kowa ya san haka. Amma da an daina bayarwa, da kasuwar dabbobi ta Filinge ta daɗe da mutuwa.

Washegari Lahadi. Mu ƴan ƙalilan da muka saba haɗuwa muka yi addu'a a ɗakinmu, ƙofa a rufe, babu waƙa babu ganga. Ban taɓa ganin sujada shiru irin wannan ba. Wani dattijo ya roƙi Allah ya gafarta wa waɗanda suka ƙona, na ji wata mata ta ƙi cewa amin, kuma ba wanda ya tsawata mata. Lahadi kuma ita ce ranar kasuwar garin. Da aka tashi innata ta ɗauki kwando ta fita, wai miya ba ta jira. Ta dawo tana faɗin mai kayan miyar da ta saba saye wurinta ta riƙe mata hannu ta ƙi saki, ta kuma yi mata gyara fiye da kullum. Gidanmu dai ba wanda ya taɓa ƙofarsa. Amma a makaranta abokina na kusa ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni, kuma bai dawo ba har muka rabu.

A Yamai da Damagaram an samu Musulmi da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaki. Shugaban ƙasa ya fito talbijin ya yi tir da ƙone-ƙonen, manyan limaman Katolika kuma suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon zumunci. Ba a yi sati uku ba, ranar 6 ga Fabrairu, Boko Haram ta far wa Boso da Difa, tsoron ya zama na kowa. Cikin makon nan Malam ya aiko a zo a ɗauki akwati. Babana ya ce ba sai an buɗe ba. Malam ya ce sam, sai an ƙirga kuɗin gabansa, aka ƙirga.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa jihar Tillaberi sauƙi ba. A Satumban 2018 aka sace fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, sai Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. A Mayun 2019 aka kai hari majami'ar Dolbel aka raunata limaminta. A arewacin Filinge kuwa, Janairun 2020 aka kashe soji 89 a Sinagodar, Maris 2021 aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe mutum 58. A Maris 2025 mutum 44 aka kashe suna sallar Juma'a a Fambita. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na karanta rahoton ƴan waje da ke nuna kamar mu kaɗai ake kashewa. Haka kuma ba na jin daɗin jawabin manya a wajen taro cewa a Nijar ba mu taɓa sanin bambancin addini ba. Goggona ta san ranar da ta tsallake katanga da goyo.

A ƙarshen 2021 dangin Malam suka gudo daga wani ƙauye na arewa, mata da yara, ba su fito da komai ba sai tabarmi. Gidansa ya cika har zaure. Wata safiya ya aiko a tambaya ko ɗakinmu na baya yana nan babu kowa, kuma babban ɗan nasa ne ya kawo saƙon, ya durƙusa ya gaida babana da kyau. Innata ce ta share ɗakin ta kai musu randa. Wata bakwai suka yi tare da mu. Jakar da ta haɗa a daren 17 ga Janairu, mai zane biyu da kwafin takardunmu, tana nan rataye bayan ƙofarta. Na tambaye ta bara ko in sauke, ta ce in bar ta inda take.