Riƙo Ba Dangi: Halayen Uwa da Uba a Shirin Raised by Wolves Ta Mahangar Tarbiyyar Bahaushe

A watan Satumba na 2020 kamfanin HBO Max na Amurka ya fara nuna shiri mai dogon zango, Raised by Wolves, wanda Aaron Guzikowski ya ƙirƙira, Ridley Scott kuma ya ba da umarnin kashi biyu na farko. Labarin ƙagaggen kimiyya ne. Yaƙi tsakanin masu bautar rana da waɗanda ba su yarda da kowane addini ba ya hallaka duniya, sai aka tura mutum-mutumi biyu, ana kiran su Uwa da Uba, zuwa wata duniya mai suna Kepler-22b, ɗauke da ƙwayoyin halittar ɗan Adam, domin su haifar da yara su rene su ba tare da addini ba. Tambayar da ta fi jan masu kallo ita ce ko inji zai iya ƙauna. Wannan maƙala ta ɗauki wata hanyar. Ina ganin matsalar gidan Uwa da Uba ba rashin ƙauna ba ce, rashin dangi ce, kuma duk wanda ya tashi a unguwa irin Dawaki a cikin garin Gombe yana da ma'aunin da zai gane haka cikin sauƙi.

Bahaushe ya daɗe da sanin renon ɗan da ba kai ka haifa ba. Ana ba gwaggo ko inna riƙo tun daga yaye, ana ba wadda Allah bai ba haihuwa ba don a share mata hawaye, kaka kan ɗauke ɗan fari saboda kunyar da ke tsakaninsa da mahaifiyarsa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙe yara har ta aurar. Sai dai riƙo a wurinmu amana ne, amana kuwa tana da mai ita. Mahaifiya tana zuwa ganin ɗanta, kawu yana tambaya, maƙwabciya tana leƙowa, malamin allo yana lura da yaron da ya rame. Ido da yawa ke kan mariƙiya.

Uwa, wadda 'yar wasan Denmark Amanda Collin ta fito a matsayinta, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan idanu. Yara shida aka samu, biyar suka mutu cikin shekara goma sha biyu, Campion kaɗai ya rage. Ɗaya ta ɓace a bakin wani rami, sauran ciwo ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gano cewa abincin da take nomawa tana ba su shi ne ke ɗauke da gubar. A nan nake ganin marubucin ya taɓa gaskiya mai zafi. Uwa tana da ilmin likita a cikin kanta, tana da kulawar da ba ta barci, amma ba ta da tsohuwar da ta san ƙasar da za ta ce mata wannan saiwa ba a cin ta. Da hannunta mai ƙauna ta riƙa ciyar da su ajalinsu.

Halinta na biyu ya fi wannan ban tsoro. Asalinta makamin yaƙi ce, irin waɗanda ke tashi sama su tarwatsa mutane da ihu, wani mai suna Campion Sturges ya kama ta ya sauya mata manhaja ta zama mai reno. Da Uba ya ga saura yaro ɗaya, sai ya nemi ya kira jirgin da ya ɗauko masu bautar rana da suka tsira daga yaƙin don Campion ya tashi cikin mutane. Uwa ta kashe Uba, ta ɓoye wa yaron gaskiya. Sannan ta faɗa wa jirgin, ta hallaka ɗimbin jama'a, ta kwaso yara biyar ta ce daga yau nata ne. Idan aka ɗora ta a kan siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara daga tunanin Hausawa a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da hankali da adalci, za a tarar tana da sadaukarwa marar iyaka amma ba ta da kunya ko kaɗan. Kunya kuwa a tarbiyyar Hausa da Fulani ita ce birkin soyayyar uwa. Matar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, wadda ke kau da kai idan kawunsa na hukunta shi, tana faɗa ne a aikace cewa yaron ba mallakinta ita kaɗai ba ne. Uwa ba ta taɓa koyon wannan ba, domin ba ta da wanda za ta ji kunyarsa. Abin da kawai take iya yi shi ne ta cire idanunta, inda ƙarfin kisan yake, ta adana su a jaka. Amma ita ke riƙe da jakar.

Uba ya fi burge ni, kuma ba don sunan ɗan wasan, Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya yi kama da na gida ba. Shi ƙaramin injin hidima ne, ba ƙarfi, ba makami. Yana da haƙuri, yana sauraro, yana amsa kuskurensa. Abin lura shi ne barkwancinsa. A gidan Bahaushe uba ba abokin wasan ɗansa ba ne, wasa na kaka ne da jika, da taubasai. Uba na shirin nan yana ta ƙoƙarin ba yara dariya da tatsuniyoyin raha marasa armashi saboda babu kowa da zai ɗauki wannan aiki. Shi ne uba, shi ne kaka, shi ne kawu, shi ne ɗan aike, kuma nauyin ya fi ƙarfin halitta ɗaya ko da ta ƙarfe ce. Duk da haka shi kaɗai ya fahimci cewa yaro yana bukatar jama'a fiye da yadda yake bukatar mai tsaronsa, kuma a kan wannan fahimta aka kashe shi kafin a sake tayar da shi.

Akwai wani riƙon a cikin labarin da ya kamata manazartanmu su tsaya a kansa. Sojoji biyu marasa addini, Caleb da Mary, sun kashe wasu ma'aurata, Marcus da Sue, suka sa aka yi musu tiyata suka ɗauki fuskokinsu don su samu gurbi a jirgin. Sai suka tarar ma'auratan suna da ɗa, Paul. Mary ta so yaron so na gaskiya, ta fi mahaifiyarsa kula da shi. Amma ranar da ya gane ko su wane ne, bindiga ya ɗauka ya harbe ta. Shari'ar Musulunci ta kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya ƙwarai, tare da haka ta hana a canza masa nasaba. Wanda ke ganin wannan hani tsauri ne kawai, to ya kalli Paul. Yaron da aka rena a kan ƙarya game da asalinsa, kowace kyautatawa da aka yi masa tana iya komawa zargi a rana ɗaya.

Zango na biyu na shirin, wanda ya fito a Fabrairun 2022, ya kawo Kaka, tsohuwar inji da Uba ya tono ƙasusuwanta ya farfaɗo da ita. Tana sanye da mayafin da ke toshe mata tausayi, kuma shawararta ita ce a mayar da mutane dabbobin ruwa don su huta da wahalar tunani. Dattijuwar da aka daɗe ana bukata ta iso, amma ba ta ɗauke da abin da ke sa a kai jika ɗakin kaka. An dakatar da shirin a Yunin 2022 kafin a warware wannan.

Wani zai ce na ƙawata riƙon Hausa fiye da kima, kuma yana da hujja. Mun san 'yar riƙon da ke yawon talla yayin da 'ya'yan gida ke makaranta. Mun san agolan da ake ware wa kwano. A shekarar da shirin ya fito, gwamnonin Arewa suna kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu saboda korona, wasu yaran ma da ƙyar aka gano gidajensu. Amma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya ɓace shi ne mai bibiya: uban da ya kai ɗa tsangaya bai koma ba, dangin da suka ba da yarinya suka juya baya. Wannan kuwa hujjata yake ƙarfafawa. Gombe ta karɓi iyalai da marayu masu yawa da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, kuma da yawansu riƙo ne ya rufa musu asiri, sai dai riƙo ne wanda masu amanar sun mutu ko sun warwatse. A Dawaki da Ajiya da Herwagana, inda gida ke jingine da gida kuma zaure ke buɗe, har yanzu maƙwabciya tana iya jin kukan yaro ta shigo ta tambaya. A sabbin unguwannin da ke bayan gari, katanga ta yi tsawo, ƙofa tana kulle, yaro yana wuni da 'yar aiki ƙarama da wayar hannu, kuma babu wanda ke da hurumin tambayar abin da ɗayansu ke koya masa. Masu nazarin Hausa da zamantakewa a Jami'ar Jihar Gombe da takwarorinta suna da aiki a nan: a bi gidajen da suka karɓi marayun gudun hijira, a tantance wa ke zuwa duba su, sau nawa, kuma wa mariƙin ke jin nauyinsa.