Maƙabartar Tantan: Darasin Funtua ga Mai Son Sayen Injin Shiga Gona

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne daga wani matashi da ke noma a yankin Malumfashi. Ya ce ya ga babur ɗin nan mai ƙafa huɗu a bidiyo, wanda Turawa ke kira ATV, yana keta laka yana haye tudu kamar ba komai, kuma wani dillali ya yi masa alkawarin kawo masa ɗan Kwatano. Gonarsa tana nesa da titi, in damina ta zauna mota ba ta shiga. Kuɗin da zai biya kuwa na masarar bara ne kaf. Tambayarsa ita ce: "Yaya, abin nan yana da ƙarko?"

To ƙanena, tambayarka tana da kyau, amma akwai wadda ta riga ta. Ranar da ya tsaya, wa zai gyara, da wane kayan gyara, kuma cikin kwana nawa? Ƙasar Funtua da Malumfashi ta daɗe da biyan kuɗin koyon wannan darasi, don haka bari mu koma baya.

Auduga ce ta fara jawo ƙarfe zuwa wannan yanki. Kamfanin Turawa na BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, shi ya baza harkar sayen auduga da gurzarta, aka yi injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta Funtua, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Amma jirgi a tasha yake tsayawa. Daga ƙauye zuwa tasha jaki ne da raƙumi da kan mutum. A gona kuma, sabon abin da ya shigo a zamanin Turawa ya zauna daram shi ne garmar shanu. Ku lura da dalili: in bakin garma ya cinye, maƙerin gari zai ƙera wani kafin azahar. Wato mai gyara yana nan kusa da mai kaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babban sauyi ya zo a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya. A shekarar aka fara Aikin Raya Noma na Funtua, wanda aka fi sani da FADP, ɗaya daga cikin guda uku na farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 29. Aikin ya haɗa gundumomi biyar: Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. A lokacin ba a yi Jihar Katsina ba, sai a 1987. An fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, an yi madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri. Masarar nan da muke alfahari da ita a kasuwannin Dandume da Bakori, a wannan zamani ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki.

Tare da haka sai ƙarafa suka cika gari. Ga Land Rover ta malaman gona, ga gireda da katafila na aikin hanya, ga tantan, wato tarakta, wadda gwamnatocin jihohi ke bayarwa haya ga manoma. Gwamnatin tarayya ita ma ta shiga da ƙarfinta: Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da nasa na bunƙasa noma a 1980. An kuma kafa masana'antun harhaɗa motoci. Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta fara aiki a Kaduna a 1975. Steyr ta ƙasar Ostiriya ta zauna a Bauchi tana haɗa tarakta da manyan motoci, Fiat ta Italiya tana Kano, Leyland tana Ibadan. Wanda ya ga wannan zamani zai rantse an rabu da fartanya ke nan.

To me ya faru? Bari mu fara da abin da ƙasar kanta ke yi wa inji, domin shi bai canja ba har gobe.

Na farko ƙura. Da rani, musamman lokacin hunturu, ƙura tana toshe matatar iska. In direba ya gaji ya cire ta ko ya huda ta, ƙurar ta wuce ciki ta riƙa cin ringi da fistin kamar ana goga musu yashi. Sai inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Na biyu man gas mai datti ko mai ruwa, irin wanda ya kwana a tsohuwar durom. Injekta aba ce mai laushin rai, ɗan datti kaɗan ya ishe ta, kuma ba kowane bakanike ke iya saita ta ba, sai mai na'urar gwaji. Na uku zafi: ƙaiƙayi da laka su liƙe lagireto, inji ya tafasa, gasket ya ƙone. Na huɗu kututture da dutse a gonar da ba a share ta sosai ba, su fasa taya, su karya faifan garma, su kashe boris. Na biyar kuma mu da kanmu: lodin da ya wuce ƙima, da jinkirin juye.

Duk waɗannan ba ciwon ajali ba ne. Kowanne yana da magani in akwai kayan gyara. Abin da ya mayar da su ajali shi ne abin da ya biyo baya.

Kuɗin Bankin Duniya na aikin Funtua ya ƙare a 1980. Ba da jimawa ba farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, a 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Masana'antun nan da muka lissafa kuwa harhaɗawa kawai suke yi, yawancin sassan daga Turai ake kawo su a akwati. Da kuɗin waje ya yi wuya, sai sabon inji da safayarsa suka yi wuya tare. Sannan a 1986 Babangida ya kawo SAP. Naira da a 1980 ta fi dala daraja, kafin ƙarshen 1986 sai ka ba da sama da naira uku kafin ka samu dala ɗaya. Ka ga kuwa ƙarfen da aka saba saye da sauƙi ya koma sai mai hali.

Akwai kuma wata cuta tamu ta gida. Kowace gwamnati ta zo, sai ta ba da kwangilar sayo nata samfurin. Wannan Fiat, wancan Steyr, na gaba Massey Ferguson, daga baya ga na Indiya da na Chana. Kayan wannan ba ya shiga wancan. Ana sayen tarakta ɗari a yi biki a yanka kintinkiri, amma ba a ware kuɗin safaya ba, ba a horar da bakanike ba, dillalin da ya kawo kuma ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. In guda ta lalace, sai a kwance ta a gyara wata. Bayan shekara kaɗan, sai ka tarar da su jere a bayan ofis, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. Wannan ita ce maƙabartar tantan, kuma duk wanda ya taso a yankin nan ya taɓa wucewa ta gefen irinta.

Ni kaina ina yaro na ga abin da hakan ke nufi. Kawuna ya biya kuɗin haya tun kafin ruwan shuka, aka sa shi a layi. Ana saura gona biyu a zo kansa tantan ta tsaya, wai injekta. Yau za a kawo, gobe za a kawo, har sati biyu suka wuce. Ƙarshenta sai ya je ya roƙi shanun maƙwabci. Masarar ta yi latti, maƙwabta na zuba taki na biyu shi yana na farko, kuma a shekarar sai da ya sayi hatsi kafin kaka. Abin da nake so matasa su gane ke nan: inji in ya tsaya a watan Yuni, ba kuɗin gyara kawai ka rasa ba. Damina ba ta jiran safaya.

Yanzu ku duba waɗanda suka rayu. Fijo 404 akori-kura ba ta da giyar ƙafa huɗu, amma ta yi shekaru tana kwasar buhuna daga ƙauyukan Ƙafur da Ɗanja, saboda masana'antarta tana Kaduna, kayanta suna ko'ina, kuma kowane gareji ya san cikinta. Massey Ferguson ta daɗe saboda injin Perkins da ke cikinta sananne ne, kuma har yanzu kamfanin Millat na Pakistan yana ƙera samfurin 375 da 385, don haka safaya ba ta yanke ba. Sai uwa uba babur. Daga Honda da Yamaha da Suzuki na Japan, zuwa Jincheng na Chana, zuwa Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, shi ne ainihin motar shiga kowane lungu a ƙasar nan. Yana lalacewa? Sosai ma. Sarƙa, fulogi, kulochi, kafireto. Amma a gindin bishiya za a gyara maka kafin ka gama shan fura. Abin da babu a Funtua akwai shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ba a samu ba a ƙera shi a Fanteka ta Kaduna. Kun ga mun dawo kan maganar maƙeri. Gatan da kamfani bai yi wa mai kaya ba, kasuwa da bakanike suka yi masa.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. Shi kansa ATV ɗin, Honda ta fara sayar da mai ƙafa uku a Amurka a 1970. Yawan kifewa da kashe mutane, har da yara, ya sa a 1988 hukuma ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin, aka daina sayar da sabon mai ƙafa uku, aka kuma ɗora musu koyar da masu saye yadda ake tuƙi. Ba don Allah suka yi ba, matsa musu aka yi. Haka manoman Amurka suka daɗe suna rigima da John Deere, saboda taraktocin zamani kwamfuta ke sarrafa su, in sun tsaya sai wakilin kamfani ya zo da tasa na'urar. A 2023 jihar Colorado ta yi dokar da ta ba manomi haƙƙin samun abin da zai gyara injinsa da kansa. To in manomin da ke da dila a garinsu yana kuka, ina ga wanda ya sayi ɗan Kwatano ba rasit ba garanti?

Mai ƙafa huɗu kuma yana da nasa laulayin. Robar shaf tana yagewa laka ta shiga ta cinye gaɓar. Boris ɗin ƙafa ba ya son ruwa. Yawancin masu giyar atomatik bel ke ja, in ya jiƙe ko lodi ya yi yawa sai ya riƙa sulɓewa ya ƙone. Wayoyin wuta su ma ba sa shiri da tsallaka rafi. Ba wanda ya fi ƙarfin gyara a ciki, in akwai kayan.

Don haka ƙanena, kafin ka miƙa kuɗin masararka, yi abu huɗu. Ɗauki sunan samfurin da lambarsa ka shiga kasuwar kayan gyara ta Funtua ka tambayi bel da boris da robar shaf. In aka ce sai an yi oda, ka riga ka ji amsa. Nemi bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa, ba wanda ya ce zai gwada ba. In sabo ne, a rubuta maka garanti a takarda: wata nawa, me ya ƙunsa, ina za ka kai. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, da hukumarta FCCPC, amma ba rasit ba ka da bakin magana. Na ƙarshe, ka lissafa abin da za ka yi in ya tsaya sati biyu a tsakiyar Agusta. In ba ka da amsa, babur mai kyau da amalanken shanu sun fi maka kwanciyar hankali. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Ga aikin gida kuma: duk wanda ke da dattijo a gida da ya yi tuƙin tantan ko aikin gareji a zamanin FADP, ya zauna da shi ya tambaye shi wane inji ya fi ba su wahala, wanne ya fi jimawa, kuma me ya sa. Ku turo mana abin da ya ce, za mu karanto a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa.