Daga Sa'i zuwa Takardar Tallafi: Wa Ke Neman Mai Haƙƙin Zakka?



Ku sani, Allah Ya yi muku albarka, cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai ma'aikatan zakka. Ke nan tun asali akwai mai tashi ya karɓo, ya kuma nemo mai haƙƙi. A daular Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, nan kusa da mu, a 1754, sa'i ake ce wa wannan ma'aikaci. Da Nasara suka kama ƙasa, hukuma ta riƙe haraji, zakka ta rage a hannun manomi: dami ɗaya cikin goma, ya kai wa malami ko tsohuwar da ke maƙwabtaka. Ba tsari ne cikakke ba, amma kowa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Sannan dukiya ta sauya. Arzikin Galmi da fadamun Ƙonni yau albasa ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka daga albasar kanta, sai daga kuɗinta idan sun kai nisabi, shekara ta zagayo. Mu nawa ne ke wannan lissafi?

Bayan yunwar 1984 da ta 2005, gwamnati da Bankin Duniya suka fara, daga 2011, bai wa gidajen talakawa jika goma a wata, galibi ta hannun mata, har da jihar Tawa. A nan muka yi kuskure. Muka ɗauka duk wadda sunanta ya shiga takarda ta fita daga wuyanmu. Da kunnena na ji ana cewa a tsallake wata gwauruwa mai marayu huɗu wajen rabon hatsi, wai "ai tana karɓar na gwamnati". Na yi shiru a ranar, Allah Ya gafarta mini.

Alhali malamanmu sun ce faƙiri shi ne wanda abin hannunsa bai isa cinsa na shekara ba. Jika goma ba ta sayen buhun gero da damina, kuma tallafin yana da wa'adi. Ranar da ya ƙare, babu mai sanar da liman.

Bayan sallar Juma'a mai zuwa, ina roƙon kowace unguwa ta ba mu dattawa biyu amintattu, su zaga gida gida a asirce, su fara da waɗanda muka tsallake bara.

Wallahu a'alamu.