Masu Jar Hula: Rundunar Baƙaƙen Sojojin Faransa

Ranar 21 ga Yulin 1857 Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa hannu a dokar kafa bataliya guda ta baƙaƙen sojoji a Senegal. Wanda ya nemi dokar shi ne Gwamna Louis Faidherbe, da ke zaune a Saint-Louis. Damuwarsa a fili take: sojan da aka kawo daga Faransa zazzaɓi ke kayar da shi tun kafin ya ga abokin gaba. Sai ya koma ga abin da kowa ya sani, da ɗan gari akan ci gari. Da yawa cikin na farkon bayi ne. A biya ubangijinsu, a ce an fanshe su, su kuma su biya wannan fansa da shekara da shekaru suna saɓe da bindiga. Aka ba su jar hula, aka sa musu suna Tirailleurs Sénégalais, sunan da ya bi har Bamosse da Bazabarme da Bahaushen da bai taɓa taka ƙasar Senegal ba.

Ƙasar Hausa ta fara saninsu ne ta bakin bindiga. Su ne ƙarfin ayarin Voulet da Chanoine da ya ratsa ƙasar a 1899, ya gwabza da Sarauniya a Lugu, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan ƙare dangi. Su ɗin dai suka juya wa hafsoshin biyu suka kashe su a wajajen Maijirgi, sannan ragowar ayarin ya ci Damagaram, ya wuce Kusuri, inda aka kashe Rabe a 1900. Ba a jima ba 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi suka sa hular.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da rundunar gagaruma. Wani hafsan Faransa, Charles Mangin, ya rubuta littafi a 1910 yana cewa Afirka rumbun mayaƙa ce, gwamnati kuwa ta ji shi. Aka kwashi mutum wajen dubu ɗari biyu, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Daga 1919 aka mai da ɗibar soja doka ko ba yaƙi: kowace shekara a tara samari, likita ya duba, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. Sarki ko hakimi aka ɗora wa kawo adadi, kuma ba ɗansa yakan kawo ba.

Sun yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Biyu ma, tun daga faɗuwarta a 1940 har saukar da dakarun ƙwato ta suka yi a Provence a watan Agustan 1944. Ladan da wasunsu suka samu shi ne Thiaroye, kusa da Dakar. Ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin da suka fito daga fursunan yaƙi na Jamus suka nemi bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne.

Mai karatu zai zaci bayan wannan babu baƙin da zai sake sa kakin Faransa. Sai ga shi babin da ya fi nauyi a tarihin rundunar ya zo daga baya, lokacin da aka aika ta kashe wutar neman 'yancin wasu. Da tawaye ya tashi a Madagaska a watan Maris na 1947, da su aka murƙushe shi. A Indocin, wato Biyetnam da maƙwabtanta, baƙaƙen sojoji wajen 60,000 suka yi aiki tsakanin farkon yaƙin da faɗuwar Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayun 1954. Galibi a ƙananan sansanoni aka zuba su, tsakiyar gonakin shinkafa, suna gadin hanya da gada. Dakarun Ho Chi Minh, jagoran masu neman 'yancin Biyetnam, sun san da wa suke magana. Sukan watsa takardu, sukan kira su ta lasifika, suna tambayar me ya kawo wanda ake mulka yaƙi da wanda ake mulka. Kaɗan ne suka tsallaka. Wasu sun auri matan ƙasar, suka komo da su Dakar da 'ya'yansu, har soyayyen abincin nan na Biyetnam da ake kira nem ya zama na kan titi a birnin.

Ba a gama kwance kaya ba Aljeriya ta kama da wuta a watan Nuwamban 1954. Nan abin ya fi ciwo, don wanda ke gaban bindiga Musulmi ne, a ƙasar Afirka, kuma da yawa cikin masu jar hular alƙibla ɗaya suke kallo da shi.

Ban yarda a yanke musu hukunci da baki ɗaya ba. A wancan zamanin masu shiga da ƙafarsu sun ƙaru, don soja na da albashi, da sutura, da fansho, da ɗan Faransancin da ke buɗe ƙofar aikin gwamnati, a ƙasashen da matashi ba shi da zaɓi sai noman gyaɗa ko ci-rani. Amma yunwar da ta kai su ba ta wanke abin da aka sa su suka yi a ƙauyukan mutane, kuma 'yan Madagaska da 'yan Aljeriya ba su manta ba.

A waɗannan yaƙe-yaƙe ne aka horar da mutanen da suka zo suka riƙe ƙasashenmu. Seyni Kountché ya bi makarantar 'ya'yan soja ta Kati, ya yi Indocin da Aljeriya, ya wuce makarantar hafsoshi ta Fréjus, kafin ya shiga rundunar Nijar da aka kafa a 1961, ya kifar da Shugaba Diori Hamani a 1974. Sangoulé Lamizana na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ya bi waɗannan fagagen biyu. A Togo kuwa, tsofaffin sojojin da Faransa ta sallama sun nemi Shugaba Sylvanus Olympio ya ɗauke su aiki, ya ƙi, suka kashe shi ranar 13 ga Janairun 1963. Étienne Eyadéma, wanda daga baya ya mulki ƙasar, na cikinsu.

Ita rundunar kanta a hankali ta narke. A 1958 aka sake wa rejimantocinta suna, zuwa farkon shekarun 1960 kuma aka rushe ragowar, aka miƙa sojojin ga sababbin ƙasashe. Sai maganar fansho. A watan Disamban 1959 majalisar Faransa ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci, ya tsaya cak, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Mutum biyu, rami ɗaya suka kwana a Indocin, ɗaya na karɓar ninkin-ba-ninkin na ɗayan. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. Sai a 2011 aka daidaita kuɗin gaba ɗaya.

Waɗanda suka zauna a Faransa don kada tallafin tsufansu ya yanke, doka ta tilasta musu yin rabin kowace shekara a can, a 'yan ɗakunan kwanan baƙi na bayan birnin Faris. A farkon 2023 aka ɗage musu wannan sharaɗi, kuma a watan Afrilu tara daga cikinsu, tsofaffin Indocin da Aljeriya, suka sauka Dakar don su zauna cikin iyalinsu.